Naira miliyan 2.8 na gwajin manhaja: a biya ko a soke?

Alhaji Ɗanjuma, Singa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar manhaja.

Kamfaninmu na rarraba kayan masarufi ne a Kano: shinkafa, taliya, man girki, sabulu da sauransu. Muna da sito uku da wakilai 40 masu zagaya shaguna har cikin ƙananan hukumomi. Oda takan kai 1,500 a rana, kowace in an daidaita naira 60,000, ribarmu kuma ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari. Mun nemi wasu matasa su haɗa mana manhaja: wakili ya shigar da oda a wayarsa, mai shago ya biya ta tiransifa ko kati, a rage kayan daga lissafin sito, a tura masa rasit ta tes.

Sun kawo farashin naira miliyan 14. A ciki akwai layi guda da suka rubuta "gwaji", miliyan 2.8, tare da ƙarin mako uku kafin a fara aiki da ita. Abokin kasuwancina ya ce a soke layin, ai haƙƙinsu ne su kawo abin da ke aiki, ba sai an biya su kuɗin duba aikin hannunsu ba. Ni kuma ina so in san me wannan kuɗin zai sayo mana a zahiri, kuma ta yaya zan gane an yi gwajin ba sunansa kawai aka rubuta ba.

Malama Rukayya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokin naka yana da gaskiya ta fuska ɗaya, wajibi ne mai haɗa manhaja ya duba aikinsa. Sai dai yakan duba ne ta hanyar da shi ya shata: waya mai tsada, sabis mai ƙarfi, suna mai sauƙi, biya sau ɗaya, kuɗi daidai. Ba a nan kuɗi ke zubewa ba.

Mu yi lissafi da alƙaluman da ka bayar. Oda 1,500 sau 60,000 ciniki ne na miliyan 90 a rana, ribarsa miliyan 2.7. Wato kuɗin gwajin duka ribar kwana guda ce da 'yan kai. To a ce akwai kuskuren da ke taɓa oda ɗaya kacal cikin 500. Oda uku ke nan kullum, naira 180,000 na rataye, a kwanakin aiki 26 na wata ya zama miliyan 4.68. Ko da an gano kashi uku cikin huɗu an gyara da hannu, ragowar ta haura miliyan 1.1 duk wata. Kafin wata uku kuɗin gwajin ya fita daga aljihunka ta wata ƙofar, kuma kuskuren na nan.

Ga irin wuraren da nake nufi.

Wakili yana Ɗambatta, sabis na rawa. Ya danna "tura", waya ta tsaya tana juyawa, ya sake dannawa. Idan wayar ba ta liƙa wa odar lamba ta musamman tun kafin ta bar ta ba, yadda saba, wato kwamfutar da ke karɓar odoji daga wayoyin, za ta gane buƙata ta biyu maimaicin ta farko ce, oda biyu za su shiga, a rage kaya sau biyu, a rubuta wa mai shago bashin da bai ci ba. Gwajinsa ba wuya: a kashe data ana tsakiyar turawa, a kunna, a sake dannawa, a leƙa rumbun bayanai a ƙirga layuka.

Na biyu, tabbacin biya. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna turo wa sabarka saƙo cewa an biya. Saƙon kan makara, kan kuma zo fiye da sau ɗaya, domin in ba su ji amsa daga sabarka ba sai su sake turowa. Manhajar da ke ƙara wa mai shago kuɗi duk lokacin da saƙon ya iso za ta ba shi ninki. Wadda kuma ba ta duba sa hannun sirri da ke jikin saƙon, kowa zai iya ƙirƙiro saƙon ƙarya ya turo mata ta saki kaya. Sannan Paystack da kobo yake ƙirga adadi, Flutterwave da naira. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan bai lura ba, 60,000 za ta zama 600 ko miliyan 6. A kuma gwada wanda ya turo 59,950 maimakon 60,000, da wanda ya raba biyan gida biyu, da wanda ya biya bayan an soke odar.

Na uku, katan 20 na ƙarshe a sito, wakilai biyu suka yi odarsu cikin daƙiƙa guda. In ba a kulle layin kayan a rumbun bayanai lokacin ragewa ba, dukansu za a ce musu akwai. Mutum ɗaya da waya ɗaya ba zai taɓa ganin wannan ba, sai an rubuta ɗan shiri mai harba buƙatu 50 lokaci guda.

Akwai ƙanana da ake rainawa. Yawancin sabobi a kan agogon UTC suke, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka cinikin da ya shiga tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya sai ya faɗa rahoton jiya. Lambar asusun banki goma ce kuma da yawa da sifili suke farawa, in an adana ta a matsayin adadi sifilin ya ɓace. Lambar waya guda takan shiga sau uku, 0803, 234803 da +234803, mai shago ɗaya ya zama mutum uku, bashinsa ya rabu uku. Sunaye irin Sa'adatu, Mu'azu da Isma'il kan karya fom saboda 'yar alamar da ke tsakiya, kuma in har ta karya shi, alama ce mai ƙarfi cewa ɓarawon intanet ma zai iya cusa wa rumbun bayanan umarni ta wannan gurbin.

Bari in tsaya kan tes, don shi ne kuɗinsa ya fi fitowa sarai. Shafi ɗaya na tes yana ɗaukar haruffa 160 muddin duka na bokon Turawa ne. Da zarar ɗ, ƙ, ɓ ko alamar ₦ ta shiga, ko guda ɗaya ce, saƙon ya koma wani tsarin da shafinsa 70 ne, in ya zarce shafi ɗaya kuma 67 kowanne. Rasit mai haruffa 150 ya tashi daga shafi ɗaya zuwa uku. A ce naira 4 ake biyan shafi: 6,000 a rana ta koma 18,000. Bambancin 312,000 ne a wata, sama da miliyan 3.7 a shekara. Ba abin da zai tsaya, ba wanda zai kira ya yi ƙorafi, kuɗin ne kawai za su riƙa tafiya. Mai gwajin da ya san aikinsa zai tura rasit guda, ya buɗe shafin kamfanin tes ya ga shafi nawa aka caje shi. Minti goma.

Don haka ra'ayina kada a soke. Amma kada a biya shi a dunƙule yadda suka rubuto.

Injiniya Bashir

Na yarda da mafi yawan abin da Malama ta faɗa, sai dai ina so in ja wa Alhaji kunne kan abu biyu.

Na farko, in kun zauna da matasan nan za su iya ce maka gyaran kuskure bayan an saki manhaja ya ninka gyaransa tun farko sau 100. Maganar tana da asali, masanan manhaja Barry Boehm da Victor Basili sun rubuta ta a 2001, amma a wuri guda sun ce ga ƙananan ayyuka ninkin ya fi kusa da biyar. Taka ƙarama ce. Gyaran rubutun manhajar, wato umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, ba shi ne mai tsada ba, sau da yawa awa biyu ya isa. Mai tsada shi ne bin sawun oda 300 da suka gurɓace kafin a farga, da kiran masu shaguna ɗaya bayan ɗaya, da mai shagon da ya ga an ninka masa bashi ya koma wajen wani dila bai ce uffan ba. Wannan za ka auna, ba wata lamba da aka ɗauko daga manyan ayyukan Amurka ba.

Na biyu, ba kowane gwaji ne ya cancanci kuɗinka ba. Mako uku kwana 15 ne na aiki. In mutum biyu ne, kwanan mutum 30 ke nan, kowanne kusan naira 93,000. Ka ce su rarraba maka kwanakin. In ka ga sun ware kwana goma don rubuta gwaji mai sarrafa kansa da zai riƙa danna kowane maɓalli a fuskar manhaja, da Appium ko makamancinsa, ka rage. Sabuwar manhaja fuskarta na canzawa duk mako, irin wannan gwajin kuma da an matsar da maɓalli ya karye, sai a gaji da gyaransa a watsar. A bar shi ga hanyoyi uku ko huɗu kawai: shiga, yin oda, biya, soke oda.

Inda gwaji mai sarrafa kansa yake biyan kuɗinsa shi ne lissafi. Farashin katan da na dozin, rangwamen wanda ya sayi 50 zuwa sama, iyakar bashi, haraji. VAT kashi 7.5 ne, amma kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu, ga shi oda guda takan haɗa shinkafa da sabulu. A kan iyaka ake gwadawa: 49, 50, 51. Kashi 7.5 na naira 1,333 shi ne 99.975, to a kowane layi za a cike kobon ko a jimla? A layi 100 bambancin kobo 50 ne, kaɗan ne, amma ya isa ya hana littafin akanta daidaita da na manhaja. Kuma a adana kuɗi da kobo a matsayin cikakken adadi, domin a yawancin harsunan kwamfuta 0.1 a tara da 0.2 ba ya ba da 0.3 cif. Irin waɗannan gwaje-gwaje 200 kan gudu cikin ƙasa da minti ɗaya, a ɗaura su a GitHub Actions, wani tsari na shafin GitHub da ake ajiye rubutun manhaja a kansa, su tashi da kansu duk lokacin da wani ya taɓa rubutun. Amfaninsu na gaske sai bayan wata takwas, ranar da ka ce a ƙara sabon rangwamen azumi, wanda ya rubuta na farkon kuma ya bar kamfanin.

Gwajin cunkoso ma kada a kumbura maka shi. Oda 1,500 cikin awa goma ba ta kai uku a minti ba, ƙaramar saba ma za ta ɗauka. Rabin yini da manhajar gwajin cunkoso irin k6 ko JMeter ya wadatar. Abin da za a matsa a kai shi ne yamma, lokacin da wakilai 40 suka dawo cikin sabis wayoyinsu suka juye odar yini a tare, da kuma girman bayanai. Shekara guda oda 468,000 ce, in kowace na da kaya takwas layi miliyan 3.7 ke nan. Rahoton da ke buɗewa nan take a kan oda 200 na gwaji zai iya cin minti biyar a kan wannan. A cika rumbun da bayanan bogi na shekara biyu a buɗe kowane rahoto. A kuma yi gwajin a kan wayoyin da wakilan ke riƙe da su, Tecno da itel da Infinix masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, domin sukan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, odar da ke jiran sabis ta maƙale.

Wani abu da ba a cika sa shi cikin lissafin gwaji ba shi ne yadda ake sakin sabon zubi, wato sabunta manhajar da ake aiki da ita. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45. Sabon rubutun an sa shi a sabobi bakwai cikin takwas, ta takwas ta tashi da wani tsohon ɓangare da aka daina amfani da shi, ta yi ta harba odar saye da sayarwa. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wani ƙaramin fayil ga duk abokan cinikinsa lokaci guda. Fayil ɗin na neman bayanai 21, manhajar na miƙa 20, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka durƙushe bisa ƙiyasin Microsoft, kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. Dukansu suna da masu gwaji. Abin da suka rasa shi ne a fara sakar wa kaɗan a gani, da kuma tsarin tsayar da ɓarna cikin gaggawa. A wajenka ma'anarsa: sabon zubi ya fara zuwa wayar wakilai biyar na kwana biyu, kada a saki komai ranar da kasuwa ta fi cika ko makon sallah, kuma a gwada komawa tsohon zubi a gabanka ka ga minti nawa yake ci.

Alhaji Ɗanjuma, Singa

Allah ya saka da alheri, Malama da Injiniya. Na fahimci inda kuɗin ke tafiya. Saura rabin tambayata: ni ba na karanta rubutun manhaja. In sun zo sun ce sun gwada komai lafiya, da me zan riƙe su?

Malam Auwal, akanta

Ranka ya daɗe, kafin masana su amsa wannan, akwai ɓangaren da ya fi damuna, wato wakilan nan 40.

Duk ranar da lissafin manhaja ya saɓa da kuɗin da wakili ya kawo, wa za a fara zargi? Wakilin. Manhaja ba ta da fuskar da za a tuhuma. Wannan ya faru a Birtaniya da manhajar lissafi mai suna Horizon da kamfanin Fujitsu ya haɗa wa hukumar gidan waya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassan gidan waya fiye da 900 bisa giɓin kuɗi da na'urar ta nuna. Wasu an ɗaure su, wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su taɓa ba. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa tsarin na da kurakurai masu iya haifar da giɓin. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka sa wa sunan garin Dalmellington, shi ne ainihin abin da Malama Rukayya ta bayyana: fuskar na'ura ta daskare, mai aiki ya sake danna maɓalli, kowace dannawa ta sake rubuta karɓar kuɗin, har giɓin fam 24,000 ya bayyana a reshe guda.

Yaron da ya shekara shida yana karɓo maka kuɗi da amana, in aka cire masa 120,000 daga albashi kan odar da ta shiga sau biyu, ka yi asararsa ko da daga baya an ba shi haƙuri. Haƙƙi ne kuma da za a tambaye ka.

Saboda haka a sa abu biyu cikin abin da za a gwada. Ɗaya, kada manhajar ta bari a goge ko a sauya ciniki. Gyara ya zama sabon layi mai ɗauke da sunan wanda ya yi, da lokaci, da dalili, har su masu haɗa manhajar in sun shiga ta baya. Biyu, daidaita lissafi na kullum tsakanin abu uku: abin da manhaja ta ce an sayar, abin da ya shiga asusun banki, da abin da ya fita daga sito. A lokacin gwaji a dasa kurakurai biyar da gangan, biya mara oda, oda mara biya, ninki, ragi, da kayan da aka dawo da su, a ga ko rahoton zai kamo duka biyar. In ya kamo huɗu, bai ci ba.

Malama Rukayya

Alhaji, ba sai ka karanta rubutun ba. Da takarda da idonka za ka riƙe su.

Kafin a fara gwaji su kawo jerin abubuwan da za a gwada cikin harshen da magatakardan sito zai gane: abin da aka yi, abin da ya kamata ya fito. Manhaja irin taka 80 zuwa 120 ya isa. Ka ba manajan sito da akanta da wakilai biyu mafiya daɗewa su karanta su ƙara nasu, don su suka san mai shagon da ke karɓar rabin kaya ya ce a mayar da rabi, da wanda ke biya da asusun ƙaninsa sunan ya saɓa. Mafi yawan kurakurai masu tsada ba a rubutun suke farawa ba, a abin da ba wanda ya gaya wa mai rubutun ne.

Bayan gwaji su kawo rajistar kurakuran da aka samu, kowanne da matakinsa. Mataki na ɗaya duk abin da ya taɓa kuɗi, kaya, ko ya bar wani ya ga abin da ba nasa ba. Na biyu abin da ke tsayar da aiki amma akwai hanyar kewayewa. Na uku na ado. Sharaɗin karɓar aiki: babu na ɗaya ko guda a buɗe. In suka kawo rajista mai kurakurai huɗu bayan mako uku, ba a yi gwajin ba. Sabuwar manhaja mai wannan girman takan fitar da gommai. Kada kuma a burge ka da cewa gwajin ya ratsa kashi 80 na rubutun. Wannan na nuna layukan da aka bi ta kansu ne kawai, ba ya nuna an duba amsar da suka bayar.

Sai ranar karɓa. Ka zauna da su, ka zaɓi 15 daga jerin da kanka, kada su zaɓar maka, a yi a gabanka da wayar wakili. Ka sa wakili ya canza lambar oda a adireshin ya ga ko zai buɗe ta wani. Ka ce a ɗauko ajiyar bayanan daren jiya a dawo da ita kan wata saba, domin ajiyar da ba a taɓa dawo da ita ba ba a san ko tana aiki ba. Daga nan wakilai biyar su yi mako biyu da manhaja da littafi a tare, Malam Auwal ko akantanku ya riƙa haɗa su kowace yamma.

A kwangila a riƙe kashi 15 zuwa 20 na kuɗin har sai an yi kwana 30 ana aiki da ita, a rubuta kwana 90 na gyaran kurakurai kyauta, kuma rubutun manhajar da na gwaje-gwajen su zauna a asusun GitHub na kamfaninku, ba na ɗaya daga cikin matasan ba. In da hali, mai gwajin ya zama ba ya cikin waɗanda suka rubuta, kuma rahotonsa ya zo maka kai tsaye.

Injiniya Bashir

Ƙari kaɗan kan mako ukun. In ta Play Store za a raba manhajar, kuma da sabon asusun mutum ɗaya za a ɗora ta, Google ba zai bari a sake ta ga jama'a ba sai mutum 12 sun yi kwana 14 a jere cikin rufaffen gwaji. Asusun kamfani ba ya ƙarƙashin wannan sharaɗin, amma buɗe shi na buƙatar lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani ta ƙasa da ƙasa, ita ma takan ɗauki lokaci, don haka a nema tun yanzu. Ko ta wace hanya aka bi, a sa manhajar kai rahoton matsala irin Crashlytics ko Sentry tun zubin farko, yadda duk lokacin da manhajar ta mutu a hannun wakili rahoton zai iso da samfurin wayar da layin da ya jawo, ba sai an jira ya kira ya ce "ta ƙi yi" ba. Saka shi bai wuce aikin awa biyu ba, su haɗa shi cikin miliyan 2.8 ɗin.